Aion 2 ko Chrono Odyssey: Abin da ya kamata ɗan wasa a Dubai ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Wasu sababbin wasannin bidiyo biyu na intanet daga Koriya ta Kudu, Aion 2 da Chrono Odyssey, na cikin waɗanda masu sha'awar harkar suka fi zuba ido su ga isowarsu kasuwannin duniya. Dukkansu 'yan rukunin da ake kira MMORPG ne, wato wasannin da dubban mutane ke shiga duniya guda a lokaci guda, kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa.

A Dubai, inda matasa Hausawa ke zaune saboda karatu ko aiki ko fatauci a unguwanni irin su Deira, zaɓi tsakanin wasannin biyu na buƙatar nazari. Irin wannan wasa ba a gama shi a mako guda. Yana cin watanni, wani lokaci shekaru, yana kuma cin kuɗi, sannan da wuya ma'aikaci ko ɗalibi ya iya riƙe biyu a tare.

Tallace-tallacen kamfanonin sun fi karkata ga kyan hoto da girman dodanni. Amma ga mazaunin Gabas ta Tsakiya ko Afirka ta Yamma, abin da ya faru a 'yan shekarun nan ya nuna cewa wasu tambayoyi ne daban suke raba gardama. Shin za a bar shi ya shiga daga ƙasar da yake? Ina kamfanin ya ajiye kwamfutocin da ke ɗauke da wasan? Ta wace hanya wasan zai karɓi kuɗinsa?

Wane irin wasa ne wannan?

A wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo, ana tashi daga karawa komai ya ƙare. A MMORPG kuwa duniyar wasan ba ta tsayawa. Ko ɗan wasa ya kashe kwamfutarsa ya kwanta, kasuwannin cikin wasan na ci, ana yaƙi, farashin kaya na hawa da sauka.

Mutum yakan fara da jarumi marar ƙarfi, ya yi ta cika ayyukan da aka ɗora masa, yana tara makamai da sulke da kuɗin wasan. Idan tafiya ta yi nisa sai ya shiga ƙungiya, domin akwai dodannin da ba sa faɗuwa sai an yi musu taron dangi, kowa da aikinsa: wani ya tare duka, wani ya yi jinya, wasu su kai farmaki.

Salon ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1990. Ultima Online ya fito a 1997, Lineage na kamfanin NCSoft ya biyo baya a Koriya ta Kudu a 1998, sai EverQuest a 1999. Wanda ya fi shahara shi ne World of Warcraft, da ya fito a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗin wata-wata a cikinsa sun kai miliyan 12.

Duk wannan duniya tana zaune ne a kan manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira saba. Abin da ke kan na'urar ɗan wasa tamkar taga ce kawai da yake leƙawa ta cikinta. Daga nan ne mafi yawan matsalolin mazaunin Dubai ke tasowa.

Me aka sani game da Aion 2?

Aion 2 na kamfanin NCSoft ne, ɗaya daga cikin tsofaffin hannu a wannan fage. Ci gaba ne na Aion na farko, wanda ya fito a Koriya ta Kudu a 2008, ya isa Turai da Amurka a 2009, ya kuma yi suna saboda jaruman cikinsa na da fukafukai, suna tashi sama har su yi yaƙi a can.

Sabon wasan ya riƙe wannan gado. Labarinsa na faruwa ne kimanin shekara 200 bayan na farko, kuma har yanzu ɓangarori biyu ne ke gaba da juna, Elyos da Asmodian. Ɗan wasa zai zaɓi ɓangare, sannan ya zaɓi ɗaya daga cikin nau'o'in jarumai takwas da aka fara da su. Ana buga shi a kwamfuta da kuma wayar salula.

An ƙaddamar da shi a Koriya ta Kudu da Taiwan ranar 19 ga Nuwamban 2025, kuma kamfanin ya ce zai kai shi sauran ƙasashen duniya a 2026. Shiga kyauta ne, amma akwai shago a ciki da kuma tsarin biyan kuɗi lokaci-lokaci don samun ƙarin damarmaki.

Ranar farko ba ta yi wa kamfanin daɗi ba. Mutane da dama sun kasa shiga na tsawon sa'o'i, sannan 'yan wasa suka gano ana sayar da wasu kayan ƙara ƙarfi da kuɗin gaske, bayan kamfanin ya yi alƙawarin kauce wa hakan. Jagororin aikin sun fito kai-tsaye a intanet sun nemi afuwa, aka janye kayan daga shagon. A ranar, darajar hannun jarin NCSoft ta faɗi da sama da kashi 10 cikin 100.

Duk da haka Aion 2 na da wata fa'ida ga mai jira a Dubai: wasan ya riga ya fito a wani wuri. Ana iya kallon yadda Koriyawa ke buga shi a YouTube, a ga abin da ake sayarwa a shagonsa, a kuma ji koken waɗanda suka shafe watanni a ciki. Gani ya kori ji.

Chrono Odyssey fa?

Chrono Odyssey sabon suna ne da ba shi da magabaci. Kamfanin Chrono Studio ne ke haɗa shi, Kakao Games kuma ke da alhakin fitar da shi kasuwa. An fara nuna shi ga duniya tun a ƙarshen 2020, kuma an tsara shi ne don kwamfuta da PlayStation 5 da Xbox Series.

Labarin na gudana a wata duniya mai suna Setera. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne wata na'ura da jarumin ke ɗauke da ita, Chronotector, wadda ke ba shi ikon sarrafa lokaci, kamar tsayar da abokin gaba ko komawa baya kaɗan. An sanar da nau'o'in jarumai shida. Salon faɗansa ya dogara ne da saurin hannu: kauce wa sara a daidai lokacin, tare duka, da sauya makami a tsakiyar artabu.

A watan Yunin 2025 an buɗe gwaji na 'yan kwanaki a dandalin Steam. Waɗanda suka shiga sun yaba da faɗin duniyar da yanayinta, amma da yawa sun koka cewa wasan na sarƙewa ko a kan kwamfutoci masu ƙarfi, kuma motsin faɗan bai kai santsin da aka gani a talla ba. A watan Agusta Kakao Games ta ɗage fitowarsa daga ƙarshen 2025 zuwa ƙarshen 2026.

Masu haɗa shi sun ce saye ɗaya za a yi masa, kamar yadda ake sayen littafi, kuma ba za a sayar da nasara a shagonsa ba. Wannan alƙawari ne ya ja hankalin 'yan wasa da dama. Sai dai kamar yadda aka gani a ranar farko ta Aion 2, ba a tabbatar da irin wannan alƙawari sai ranar da shago ya buɗe.

Abin da ya faru a 2021 da 2022

Ba yau aka fara fuskantar irin wannan zaɓi ba. A 2021 mahawarar ita ce tsakanin New World da Lost Ark, dukkansu a hannun sashen wasanni na kamfanin Amazon. Kamar yanzu, ɗaya na saye ne sau ɗaya, ɗaya kuma shiga kyauta da shago a ciki.

New World ya fito ranar 28 ga Satumban 2021 a kan dala 39.99. Cikin kwanakin farko mutum sama da 900,000 ne suka riƙa buga shi a lokaci guda a Steam, har ana shafe sa'o'i a layi kafin a samu shiga. Daga baya kurakurai suka bayyana, ciki har da wanda ke ba wasu damar ninka kuɗin wasan ta haramtacciyar hanya, lamarin da ya sa Amazon ta rufe cinikayya tsakanin 'yan wasa na wani lokaci. Cikin wata shida, fiye da kashi 90 cikin 100 na wancan cunkoso ya watse.

Lost Ark, na kamfanin Smilegate na Koriya ta Kudu, ya isa ƙasashen Yamma ranar 11 ga Fabrairun 2022, kuma ya tara sama da mutum miliyan 1.3 a lokaci guda. Shi kuma asusun bogi masu sarrafa kansu ne suka addabe shi, har Amazon ta ce ta rufe fiye da miliyan guda a watan Maris na shekarar.

Ga mazaunin Dubai kuwa, mahawarar ta mutu tun kafin ranar. Da aka fitar da jerin ƙasashen da Amazon ke da izinin kai musu Lost Ark, an ga Amurka ta Arewa da ta Kudu, da mafi yawan Turai, da Ostireliya da New Zealand. Babu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a ciki, babu Najeriya, babu Nijar. Wanda ya shafe watanni yana auna wasannin biyu ya wayi gari ya tarar ɗaya kawai aka buɗe masa.

Za a buɗe maka ƙofa?

Idan kamfani ya ce zai fitar da wasa a "duniya baki ɗaya", sau da yawa yana nufin yankunan da ya sayi lasisinsu ne, ko waɗanda dokokinsu suka yi daidai da tsarin kasuwancinsa. Ko a cikin Turai, Beljiyam da Holan ba sa cikin ƙasashen da aka buɗe wa Lost Ark a ranar farko, saboda dokokinsu kan sayar da akwatunan sa'a a cikin wasanni.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mai jiran Aion 2 ko Chrono Odyssey ya nema shi ne jerin ƙasashen da kamfanin ya wallafa da kansa, ya ga sunan ƙasar da yake zaune da kuma ƙasashen abokan wasansa.

Wasu kan yi ƙoƙarin zagaye shingen ta hanyar manhajar VPN, wadda ke sa a ɗauka mutum na wata ƙasa ne. Wannan na da haɗari ta fuska biyu. Ƙa'idojin Steam sun haramta ɓoye ƙasar da mutum yake domin kauce wa shingen yanki, kuma kamfani na iya rufe asusun da aka kama, tare da duk abin da aka saya a cikinsa.

Sannan a Daular Larabawa, dokar tarayya mai lamba 34 ta 2021 kan laifukan intanet ta tanadi tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan biyu ga wanda ya ɓoye adireshinsa na intanet da nufin aikata laifi ko hana gano shi. Dokar ba ta haramta VPN gaba ɗaya ba, bankuna da kamfanoni na amfani da shi a ayyukansu. Amma baƙon da ke zaune da biza ba zai so ya gwada iyakar doka saboda wasa ba.

Nisan da ido ba ya gani

Duk lokacin da ɗan wasa ya danna maɓalli, saƙo kan tafi zuwa saba ya dawo. Ana auna wannan tafiya da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar intanet ta gilashi. Tsakanin Dubai da birnin Frankfurt na Jamus, inda kamfanoni da yawa ke ajiye sabobinsu na Turai, akwai kimanin kilomita 4,800. Ko da wayar a miƙe take sambal, zuwa da dawowa zai ci kusan milisakan 50.

Wayar kuwa ba a miƙe take ba. Yawancin layukan na bi ta ƙarƙashin teku, su ratsa Bahar Maliya da Masar da Bahar Rum kafin su isa Turai. Shi ya sa jinkirin da ɗan wasa a Dubai ke gani a sabar Turai yakan haura milisakan 100. A wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 120 daidai yake da hotuna bakwai. Bajamushen da ke karawa da shi ya riga ya ga saran ya kauce, shi kuwa yanzu saƙon ke isowa.

A nan bambancin wasannin ke da muhimmanci. Wasan da aka gina kan kaucewa da tarewa a daidai ƙiftawar ido, irin Chrono Odyssey, ya fi hukunta mai nisa. A Aion 2 ma, wanda burinsa shi ne yaƙi da 'yan ɗaya ɓangaren zai ji jinkirin a jikinsa fiye da mai farautar dodanni da tara kaya.

Layukan kansu kan yanke. A farkon Satumban 2025 wasu wayoyin ƙarƙashin teku sun katse a Bahar Maliya kusa da Jiddah, kuma masu amfani da layukan Etisalat da du a Daular Larabawa sun yi fama da tafiyar hawainiya. Najeriya da Ghana da maƙwabtansu sun ɗanɗana irin wannan a ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyi da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma.

Me ya sa ba a cika ajiye saba a yankin ba?

Ba rashin kayan aiki ba ne. Microsoft ta buɗe cibiyoyin adana bayanai a Dubai da Abu Dhabi a 2019. Amazon ta buɗe nata a Bahrain a shekarar, sannan a Daular Larabawa a 2022. A watan Yunin 2024 kamfanin Riot Games ya ƙaddamar da saba ta musamman ga Gabas ta Tsakiya a wasansa League of Legends.

Hukumomin Dubai ma na zawarcin masana'antar. A watan Nuwamban 2023 Yarima mai jiran gado, Sheikh Hamdan bin Mohammed bin Rashid Al Maktoum, ya ƙaddamar da shirin bunƙasa wasannin bidiyo na Dubai zuwa 2033. Burin shirin shi ne sanya birnin cikin manyan cibiyoyi goma na harkar a duniya, da samar da ayyuka 30,000, da ƙara kusan dala biliyan ɗaya ga tattalin arzikinsa. A 2024 an ɓullo da bizar zama ta dogon lokaci ga ƙwararru a fannin.

Matsalar MMORPG ta lissafin jama'a ce. Karawa a League of Legends mutum goma kawai take buƙata. Duniyar MMORPG kuwa sai da dubban mutane a kowace saba kafin kasuwa ta ci, kafin a samu abokan shiga kogon dodo da tsakar dare. Kamfanoni na tsoron raba 'yan wasa gida-gida har kowace saba ta zama kufai, don haka sukan tura Gabas ta Tsakiya da Afirka zuwa Turai. Haka New World ya yi: sabobinsa na farko na Amurka ne da Jamus da Brazil da Ostireliya.

Abokai da agogo

Ga Bahaushen Dubai da abokan wasansa ke Kano ko Maraɗi, sabar Turai na iya zama alheri. Intanet ɗin arewacin Najeriya yakan gangara Legas, inda wayoyin teku ke sauka, daga can ya nufi Turai. Nijar da ba ta da gaɓar teku na dogaro da layukan maƙwabtanta. Ke nan Turai ce mahaɗar da kowa zai ɗan sha jinkiri daidai gwargwado. Sabar Gabas ta Tsakiya za ta yi wa na Dubai daɗi, amma ta ƙara wa na Kano nisa.

Sai batun lokaci. Dubai na gaban Najeriya da Nijar da sa'a uku. Manyan yaƙe-yaƙen ƙungiyoyi a sabobin Turai an fi shirya su da daddare agogon can. Ƙarfe takwas na dare a Jamus lokacin hunturu ita ce takwas a Kano, amma sha ɗaya ce a Dubai. Idan aka shafe sa'a biyu ana fafatawa, wanda zai buɗe shago ko ya shiga aji da safe ya san abin da ke jiransa. Sauƙin da aka samu shi ne tun Janairun 2022 hutun mako a Dubai ya koma Asabar da Lahadi, daidai da na Turai da Najeriya.

Magana da murya ma sai an yi mata tanadi. Daular Larabawa na taƙaita kiran murya ta intanet ga manhajoji masu lasisi, irin su Botim, kuma kiran WhatsApp ba ya aiki yadda aka saba a gida. Ƙungiyar da ke da mutum a Dubai na buƙatar gwada hanyar da za ta riƙa magana tun kafin ranar yaƙi.

Kyauta ko saye: wanne ya fi tsada?

Dirhami a ɗaure yake da dala, a kan 3.67 ga kowace dala guda. Wasan dala 40 zai tsaya wa mazaunin Dubai a kusan dirhami 147, kuma ya san iyakar abin da ya kashe. Ga abokinsa na Kano da ke samun naira, wadda darajarta ta faɗi ƙwarai tun bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, wannan kuɗi na iya hana shi shiga gaba ɗaya. A nan wasan kyauta irin Aion 2 ya fi sauƙin haɗa abokai.

Sai dai kyautar na da iyaka. Wanda ke kashe dirhami 50 kacal a wata a shagon wasa, a shekara ya kashe 600, ninki huɗu na farashin wancan wasan na saye. Abin dubawa shi ne me shagon ke sayarwa. Idan tufafi ne da ado, wanda bai saya ba bai rasa komai ba a fagen fama. Idan kuwa ƙarfi ne ko saurin ci gaba, to mai kuɗi zai riƙa taka marar kuɗi komai ƙwarewarsa.

Mafi haɗari su ne akwatunan sa'a, inda ake biyan kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito ba. Beljiyam ta ayyana irin wannan ciniki a matsayin caca tun 2018. A Koriya ta Kudu, hukumar kula da adalci a kasuwanci ta ci tarar kamfanin Nexon won biliyan 11.6 a Janairun 2024, bisa samunsa da sauya yiwuwar samun wasu kaya a wasan MapleStory ba tare da sanar da masu saye ba. Daga watan Maris na shekarar doka ta tilasta wa kamfanoni a ƙasar bayyana waɗannan alƙaluma.

Akwai kuma kuɗin na'ura. An gina wasannin biyu da manhajar Unreal Engine 5, mai buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Kafin mutum ya nufi kasuwar kwamfutoci ta Al Ain Centre da ke Bur Dubai ya sayi sababbin kaya, gara ya jira kamfani ya fitar da bayanin ƙarshe na irin na'urar da wasan ke buƙata.

Duniyar ta kamfani ce

Duk abin da ɗan wasa ya tara a MMORPG, a kan sabar kamfani yake, kuma ranar da kamfani ya kashe ta komai ya tafi. WildStar, wanda NCSoft ta fitar a 2014, an rufe shi a Nuwamban 2018. Blue Protocol na kamfanin Bandai Namco ya fito a Japan a 2023, 'yan wasa a wasu ƙasashe na ta jiran isowarsa, sai aka soke shirin kai shi waje a 2024, aka kuma rufe na Japan ɗin a Janairun 2025. A Oktoban 2025 Amazon ta sanar da cewa ta daina ƙara sababbin abubuwa a New World, shekara huɗu kacal bayan wancan cunkoso.

Akan samu akasin haka. Final Fantasy XIV ya fito a 2010 cikin mummunan yanayi, kamfanin Square Enix ya rufe shi ya sake gina shi, ya dawo da shi a 2013, kuma ya zama ɗaya daga cikin mafiya farin jini a fagen. Makon farko ba ya nuna makomar wasa, ko ta alheri ko akasinta.

Lokacin da ake zubawa ma dukiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Ma'aunin shi ne mutum ya kasa sarrafa wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake gani, yawanci na tsawon wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin 'yan wasa ke kaiwa wannan mataki. Amma wasannin da ke ba da lada kullum ga wanda ya leƙo an tsara su ne don a ji asara idan aka yi fashin kwana guda.

To wanne za a zaɓa?

Wanda abokansa ke warwatse tsakanin Dubai da gida, kuma yana son yaƙin ɓangarori da taron jama'a, Aion 2 ya fi kusa da buƙatarsa. Sharaɗin shi ne ya yanke wa kansa iyakar abin da zai kashe a wata tun kafin ya shiga, ya kuma duba ko shagon da za a kawo wa sauran duniya iri ɗaya ne da na Koriya.

Wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi ko PlayStation 5, ya fi son faɗan gwanintar hannu, kuma ya fi son ya biya sau ɗaya ya huta, Chrono Odyssey ya fi dacewa da shi. Amma shi ne ya fi buƙatar ya gwada jinkirin layinsa daga ɗakinsa na Dubai, a duk wani gwaji da kamfanin ya buɗe wa jama'a.

Kamfanoni kan sayar da damar shiga da wuri da kayan ado na musamman tun kafin wasa ya fito. Hausawa na cewa ba a cinikin biri a sama. A Steam ana iya mayar da wasan da aka saya a karɓi kuɗi cikin kwana 14, muddin ba a buga shi fiye da sa'a biyu ba, kuma tun 2024 sa'o'in da aka buga a kwanakin shiga da wuri na cikin lissafin. Sa'a biyu ta isa mutum ya ga ko wasan na tafiya a na'urarsa da layinsa, amma ba ta isa ya san yadda ƙarshensa yake ba.

Jiran wata guda bayan fitowar wasa ba ya rage wa ɗan wasa komai sai 'yan matakan da zai cimma daga baya. A cikin watan ne layin shiga ke raguwa, kurakuran farko ke bayyana, farashin shago ke fitowa fili, kuma ake gane sabar da jama'a suka zauna a cikinta da wadda suka gudu suka bari.